Darasi Na Tara: Sana'ar Awara Da Mudu Ɗaya

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da gwamnatin tarayya ta cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi sahu. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma yawancin matan unguwannin Gangare, Rikkos da Unguwar Rogo a Jos ba albashi suke ɗauka ba. Nama ya fi ƙarfin gidaje da yawa, ƙwai ma sai an yi lissafi. Wannan tsadar ce ta buɗe wa awara kasuwa, domin tana riƙe ciki, tana gina jiki, kuma mai naira ɗari ma zai iya saye. Ba sai an jira babban jari ba. Mudu ɗaya na waken suya ya isa a fara, da tukunya da kaskon da ke gida.

Kayan aiki

Waken suya mudu ɗaya, babbar tukunya, abin tata mai tsabta, ludayi, ruwan tsami, gishiri, dunƙule, attaruhu da albasa, man gyaɗa, da dutse mai nauyi na dannewa. Ana samun wake a kasuwar Katako. A zaɓi mai haske, busasshe, wanda ƙwaro bai huda ba. Ya fi araha da kaka, wajen watan Nuwamba, don haka wadda ta samu hali ta sayi ɗan abin ajiya a lokacin.

Yadda ake yi

A tsince waken, a fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓe. A jiƙa shi awa shida zuwa takwas. Da sanyin Jos na Disamba da Janairu yakan buƙaci kwana, domin ruwan sanyi ba ya saurin shiga ƙwaya. Ga yadda ake gane ya jiƙu: a ɓare ƙwaya ɗaya, in cikinta ya cika, ba rami a tsakiya, ya yi. In aka bar shi ya wuce lokaci, musamman da zafin Maris, zai yi tsami tun kafin niƙa, kuma ƙullun ba zai ba da awara mai yawa ba.

A wanke, a kai inji. A roƙi mai niƙa ya ɗauraye injin in ya niƙa tattasai ko gero, kuma ya niƙa da laushi sosai, don niƙa mai tsaki-tsaki a cikin dusa take barin riba. A zuba ruwa kamar lita takwas zuwa goma, a dama, a tace. A sake zuba wa dusar ruwa kaɗan a tace karo na biyu. Ɗigon manja a cikin ƙullun yana rage kumfa.

A ɗora madarar a wuta, kada a cika tukunya har baki, kuma kada a matsa daga wurin. Madarar wake kan taso cikin ƙiftawar ido ta zube a murhu. In ta tafasa a rage wuta, a bar ta kamar minti goma, domin waken suya da bai dahu ba yana ɓata ciki.

Zuba ruwan tsami shi ne inda gwaninta take, kuma nan ne masu koyo suka fi yin asara. Ana amfani da ruwan da ya kwana a kan kamu, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, ko ruwan da aka matse daga awarar jiya aka ajiye ya yi tsami. Na ƙarshen nan kyauta ne, kada a zubar da shi. A zuba ludayi ɗaya a kewaye tukunyar, a juya a hankali sau ɗaya ko biyu, a dakata. Za a ga farin abu yana haɗuwa guda-guda yana tasowa sama. A duba ruwan da ke gefe. In har yanzu fari ne kamar madara, akwai sauran awara a ciki, a ƙara ludayi ɗaya. In ya koma garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa, ya isa, a tsaya. Tsami ya yi yawa, awara ta yi tauri, ta tsuke, ta yi ɗanɗanon da mai saye ba zai dawo ba. Yawan juyawa kuma yana farfasa ta ta bi ruwa.

A kwashe cikin abin tata, a zuba gishiri, dunƙule da jajjagen attaruhu da albasa, a ɗaure, a danne da dutse kamar awa ɗaya. A yanka daidai wa daida. A soya cikin mai mai zafi. Mai da bai yi zafi ba awara ke shanye shi, kuma man ne ya fi komai tsada a wannan sana'a. Yankakken kabeji da albasa da yaji mai kyau suna jawo ciniki, ga kabeji kuwa a wadace a kasuwar Farin Gada.

Lissafi

Waɗannan lambobi misali ne kawai. Kowa ta sa farashin da ta saya a yau.

Wake: 1,500
Niƙa: 300
Mai: 1,200
Itace: 500
Kayan yaji da leda: 300
Jimla: 3,800

A ce an samu yanka 50, an sayar da kowanne naira 100. Ciniki ya kama 5,000. A cire 3,800, saura 1,200. Wannan 1,200 ɗin ita ce riba. Sauran kuɗin jari ne, na wake da man gobe. A samu gwangwani biyu, ɗaya na jari, ɗaya na riba, a raba kuɗin tun a daren. Cefanen gida daga gwangwanin riba yake fita. Yawancin ƙananan sana'o'in da muka ga sun mutu, cin jari ne ya kashe su, ba rashin masu saye ba. Dusar ma kuɗi ce: a shanya ta, masu kiwon awaki da kaji suna saye.

Bashi kuwa a yi hattara da shi ta fuska biyu. Maƙwabciya za ta ce, “Maman Abba, ba ni ta ɗari biyar, gobe in kawo.” Ana iya amsawa da fara'a: “Yaya, ki yi haƙuri, kuɗin waken gobe ne.” In dole sai an bayar, a rubuta suna da kuɗi da rana. Kada kuma a ci bashin manhajojin waya don fara sana'ar, kuɗin ruwansu ya fi ribar awara gudu. Adashe da mata amintattu ya fi, in kwasa ta zo a ƙara mudu na biyu.

Kada a yi fiye da abin da za a sayar a yini. Awarar da ta kwana ba firji takan yi yauƙi da wari.

Aiki

1. Ki je kasuwa ki tambayi kuɗin mudun wake da kwalbar mai, ki rubuta a littafinki.
2. In an sayar da yanka 40 kawai, 10 suka rage, nawa ne ribar ranar?
3. Karanta ki kwafa sau uku: wake, tsami, jari, riba, dusa.