Yadda za ka haɗa saun kad da kwamfuta ka ɗauki murya mai eko ba tare da ka ɓata aiki ba

Jama'a wannan bayanin na masu son buɗe ƙaramin sitidiyo ne a ɗaki ko shago, ko kai sha'iri ne ko mai waƙar biki ko mai yin jingul na rediyo ko kuma karatun malamai kake ɗauka. Abin da nake yawan ji a ayyukan yaran mu na nan Gombe shi ne murya ta nutse cikin ribab, wato wannan ekon da ke sa murya ta yi faɗi, har baka gane baitin da ake faɗa, kuma in kace a rage sai ace maka ai a haka aka ɗauka. To matsalar kenan. Murya a busasshiyarta ake ɗauka, ribab ɗin a kunnen mai waƙa kawai ake saka masa lokacin ɗauka, sai an zo haɗa aiki sannan a zuba shi da awo. Kamar gishiri ne a miya, in ya shiga babu tsamewa.

Kayan da kake buƙata basu da yawa. Laftof ko da tokumbo ce, saun kad mai USB, wato akwatin da ke shigar da murya daga maik zuwa kwamfuta, maik, wayar XLR mai ƙafa uku, hedifon mai rufe kunne ruf, da sandar maik. A saun kad waɗanda suka fi yawo a hannun mutane su ne Focusrite Scarlett Solo da 2i2, sai Behringer UMC22 ga mai ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma Steinberg UR22C da ke da ribab nata a cikin akwatin mai suna REV-X, wanda mai waƙa zai ji a kunne ba tare da kwamfuta ta wahala ba. Wannan ƙaramar saun kad V8 ɗin da 'yan TikTok ke jona wa waya ba laifi in hira kai tsaye zaka yi, amma ekonta tare da murya yake tafiya, don haka ni bana ba kowa shawarar ya ɗauki aikin kuɗi da ita. Haka yawancin ƙananan miksa masu USB, duk abin da ka murɗa a kai shi zai shiga kwamfuta har da ekon.

Kafin ka jona komai fara sauko da direban saun kad ɗin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. In irin wadda bata da direban kanta ce sai ka saka ASIO4ALL, kyauta ne. Daga nan ka jona USB kai tsaye a jikin laftof, ka jona maik, ka tabbata gen, wato abin murɗa ƙarfin shigar murya, yana ƙasa kuma sifika a kashe, sannan in maik ɗinka kondensa ne, wato irin na sitidiyo mai buƙatar wuta, kamar AT2020 ka danna maɓallin da aka rubuta 48V. Ba tare da wannan wutar ba kondensa shiru zai maka ka ɗauka ya lalace. Maik irin na hannu kamar Shure SM58 baya buƙatarta. In zaka cire maik kuma fara kashe 48V ɗin ka ɗan jira tukuna.

A cikin manhajar ɗaukar sauti, FL Studio ko Cubase ko Nuendo, duk wanda ka saba da shi, ka shiga saitin sauti ka zaɓi direban ASIO na saun kad ɗinka, ka sa 24 bit da 44.1 ko 48 kHz. Sai bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar da shi. Lokacin ɗauka ka barshi a 128 ko 256, don a 256 kan 48 kHz jinkirin bafa ɗin kansa bai fi kashi 5 da ɗoriya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma in ka kaishi 1024 mai waƙa zai riƙa jin muryarsa na biyo shi a baya ya rikice ya saki kiɗa. In kaji ƙaras ƙaras a sauti to laftof ɗin ta gaza, ɗaga bafa kaɗan ka rufe burauza da sauran tarkace.

Gen kuma kada ka saita shi da "halo halo, wan tu". Ce masa ya rera inda yafi ɗaga murya a waƙar, yawanci wajen amshi ne, ka murɗa har mita ta riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. A Scarlett zoben da ke kewaye da gen ɗin kore yake nunawa, in ya koma ja murya ta fashe kuma da wuya a gyara ta daga baya. Tsakanin baki da maik kamar taƙi ɗaya, da fof filta, wato ragar da ke tare iska, a tsakiya saboda iskar fa da ba.

Yanzu ga inda mutane basa kula, ɗakin kansa yana da nasa ekon. Shagon siminti mai tayil da ƙofar ƙarfe, tafa hannu sau ɗaya ka saurara, zaka ji wani irin zirrr yana biyo baya, to wannan duk maik ɗin kondensa sai ya kwashe shi, in kazo ka ɗora ribab mai kyau a kai sai ya zama ƙazanta kan ƙazanta. Jingina katifa a bayan mai waƙa, rataya bargo mai nauyi a gefe, shimfiɗa kafet a ƙasa, kada ka tsayar da shi a kusurwa. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kwalliya ce kawai gaskiya, katifa ɗaya ta fi kiret ɗari aiki. Fanka dole a kashe, na san a zafin Maris da Afrilu na Gombe wannan azaba ce, sai dai a ɗauki baiti biyu a buɗe ƙofa a sha iska a dawo. In shagonka na bakin titi ne irin su Jekadafari ko Pantami ga hon ɗin Keke da 'yan acaɓa, to bari sai dare ko da sassafe. In kuma kana jin wani huuu a hedifon, musamman kan janareto, zare cajar laftof ka gani, sau da yawa nan take zai ɗauke, sai ka ɗauki muryar da batir. Janareton ma a kaishi nesa da doguwar waya.

To ya za'a yi da mai waƙar da zai ce "Oga ƙara min eko mana, bana jin daɗin muryata"? Yana da gaskiya fa, mutum yafi sakin jiki in yana jin muryarsa da faɗi. Ga dabarar. Kunna Direct Monitor a jikin saun kad, zai ji busasshiyar muryarsa nan take babu jinkiri. Sai a miksar kwamfuta ka buɗe wani layi daban ka ɗora ribab a kai, a FL akwai Fruity Reeverb 2, a Cubase akwai RoomWorks, ka kai Dry, wato busasshiyar murya, sifili ka bar Wet, wato ekon, kaɗai, ka tura layin maik zuwa can, sannan ka rufe hanyar layin maik ta zuwa masta, wato babban layin da duk sauti ke fita ta kansa, don kada yaji muryarsa biyu. Yanzu busasshiya na zuwa daga akwati, eko na zuwa daga kwamfuta, ɗan jinkirin da ekon ya yi ma daɗi yake ƙarawa. Masu FL ku kiyaye, musamman tsohon FL, in ka ɗora ribab a kan layin da kake ɗauka da shi zai iya shiga cikin fayil ɗin, shi yasa nace layi daban. Ɗauki ɗan gwaji ka kashe ribab ka saurara kafin ku shiga aiki.

Bayan an gama ɗauka ka dawo da layin murya masta, wannan layin ribab ɗin dai shi zaka ci gaba da amfani da shi. Ni daga nan nake farawa: Decay, wato tsawon eko, daƙiƙa 1.2 zuwa 2, Predelay, wato jinkiri kafin eko ya fara, kashi 20 zuwa 40 cikin dubu na daƙiƙa don harafi ya fita kafin eko ya biyo, a ribab ɗin ka yanke ƙasa daga wajen 250 Hz saboda kada ya haɗu da bes ya yi laka, ka yanke sama daga wajen 7 kHz saboda sa da sha su daina tsiii. Waƙar biki ko ta siyasa mai gudu gajeren ribab take so, nau'in Plate ko Room, don kalmomi a jere suke kuma wanda ya biya kuɗi so yake yaji sunansa raɗau. Bege mai sanyi da ja zai ɗauki Hall mai ɗan tsawo. 'Yan amshi a basu fiye da na jagora, sai su koma baya shi ya fito gaba. Karatun Alƙur'ani kuwa a yi hattara sosai, kaɗan ya isa, in eko ya rufe makhraji da gunna ka cuci mai sauraro. Wa'azi da sanarwa ma ni bana saka musu komai. Kuma kada ka ɗauka ribab da dile abu ɗaya ne, dile shi ne mai maimaita kalma sak, wurinsa ƙarshen baiti ne ba duk waƙa ba.

Awon da nake yi shi ne in ɗaga shi a hankali tare da kiɗa har sai na fara jinsa sarai, sai in rage kaɗan. A hedifon komai daɗi yake, don haka fitar da aikin ka tura wa kanka a WhatsApp ka kunna a sifikar waya da kuma ƙaramar MP irin ta masu shayi, in akwai baitin da baka gane ba koma ka rage Decay. Busasshen fayil ɗin kuma ajiye shi a WAV a filas daban da sunan mai aikin, saboda wata rana zai dawo yace a canza masa kiɗa.