Kafin ka ce saba ta lalace: kurakuran masu saka mod a Minecraft

Duk wanda ya riƙe wa abokai sabar Minecraft, wato kwamfutar da ke riƙe duniyar wasan kowa ya shigo ta intanet, a nan Garwa, ko da a tsohuwar kwamfutar ɗaki ce, ya san saƙon nan da ke shigowa bayan isha'i: "Yaya, ta ƙi tashi." Ba fayil, ba bayanin abin da aka taɓa. Na gaji da ba mutum goma amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Saba ba ta mutuwa shiru. A cikin foldar logs akwai latest.log, fayil ɗin da saba ke rubuta duk abin da ya faru a cikinsa, in kuma faɗuwa ta yi, tana barin rahoto a crash-reports. Yara sukan buɗe su ga Turanci jere reras su rufe, musamman mu da muka yi boko da Faransanci. To ai ba duka za ka karanta ba. Nemi inda aka rubuta "Caused by", ka je na ƙarshe a jerin, ka bi layukan da ke ƙasansa har ka ci karo da sunan wani mod, wato ƙarin da ake saka wa wasan don kawo sababbin abubuwa. A latest.log kuwa, ERROR na farko shi ne abin dubawa, na bayansa galibi 'ya'yansa ne. WARN kada ya tayar maka da hankali, saba mai lafiya ma tana zubo su. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton allo da waya a karkace, a turo fayil ɗin kansa.

Rabin abin da nake gani rashin dacewar siga ne. Minecraft a kan manhajar Java take gudana: 1.16.5 da Java 8 ta saba, 1.18 zuwa 1.20.4 na son Java 17, 1.20.5 da jerin 1.21 kuma sai Java 21. Fabric da Forge manhajojin loda mod ne, kuma mod ɗin Fabric ba ya aiki a Forge, NeoForge kuma da ta balle daga Forge a 2023 gidanta daban ne. Wasu mod ɗin ba sa tashi sai da na dogaro, irin su Fabric API, kuma log yana faɗin sunan abin da ya rasa ƙarara. Su Iris da OptiFine na gyaran hoto ne a kwamfutar ɗan wasa, ba su da aikin yi a saba.

Yanzu ga wanda ya ƙona min rai. Kada ka kuskura ka cire mod daga duniyar da ake cikin wasa ba tare da ka kwafe foldar world, inda duniyar take a adane, ka ajiye gefe ba. Wani ƙanen abokina da na ba wa damar shiga fayilolin saba ya ga tana nauyi, ya zargi mod ɗin injuna, ya goge shi ya sake tayar da ita. Ta tashi sumul, har ya turo mana albishir. Da muka shiga, gidajen suna nan amma cikinsu fayau: bututu, injin niƙa, akwatunan da muka daɗe muna tara ƙarfe a ciki, duk sun zama iska. Dalili kuwa, idan wasan ya loda yanki ya tarar da bulon da bai san sunansa ba, cire shi yake yi, da zarar ya adana yankin kuma shi ke nan. Mun mayar da mod ɗin, wuraren da ba wanda ya taka sun tsira, unguwarmu da muka yi ta yawo a ciki ba ta dawo ba. Mutum biyu daga Marwa ba su sake shigowa ba tun ranar. Haba jama'a! Kwafe folda minti nawa ne? Kana da megan kallon bidiyo har asuba, ba ka da haƙurin danna kwafi?

Ɗan'uwan wannan shi ne wuta. Kowa ya san yadda take yi mana a zafin Maris da Afrilu. Idan ta ɗauke saba na tsakiyar rubuta fayil ɗin yanki, yana iya lalacewa, gobe duk wanda ya doshi wurin saba ta faɗi, a ɗora wa mod laifin da ba nasa ba. Ni a laftof mai batir nake ɗora tawa, wuta na ɗaukewa in rubuta stop, in jira ta gama adanawa. Kowane dare kuma kwafi ɗaya na tafiya kan filashi.

Idan log bai nuna mai laifi ba, ga yadda nake yi, wasu na ganin wahala ce amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. A kan kwafin duniyar, ba ta gaske ba, nake cire rabin mod ɗin in tayar. In ta faɗi, mai laifin na cikin waɗanda suka rage, in ta tashi yana cikin waɗanda na cire, sai in sake rabawa biyu, ina kula kada in raba mod da abin dogaronsa. Mod 64 gwaji 6 ya ishe su. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sabunta mod biyar, a canja Java, a taɓa config, wato fayilolin saiti, duk a zama ɗaya, sannan a zo ana tambayata wanne ne ya ɓata.

Saura ƙananan. "Can't keep up" na nufin saba ta kasa sabunta duniyar sau 20 a daƙiƙa kamar yadda ya kamata, saka spark, mod mai auna nauyin saba, ka ga mai cin lokacin kafin ka ƙara RAM. Kada ka ba Java duk RAM ɗin kwamfutar, Windows ma na buƙatar nata. Mai wasa a waya Bedrock yake yi, wani nau'in Minecraft daban da na Java, fayil ɗin jar da mod ke zuwa a cikinsa ba ya shiga can. Jar ɗin da ya zagayo ta WhatsApp ko Xender ba na karɓa, a je shafukan sauke mod na Modrinth ko CurseForge, tunda ko a manyan shafuka an taɓa kama mod masu ƙwayar cuta a 2023, balle wanda ba a san hannun da ya bi ba.

Sai abokinka na Kusuri ko Njamena da ke samun "Connection timed out". Wannan bai ko kai ga mod ba. Intanet ɗin layin waya yakan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, don haka buɗe ƙofa 25565, wadda ake bi a shiga sabar Minecraft, a na'urar intanet ɗinka ba zai shigo da shi ba. Ku haɗu ta Tailscale ko ZeroTier, manhajojin da ke haɗa kwamfutocinku kamar kuna gida ɗaya, ko ku yi karo-karon sefa ku kama hayar saba.