Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓe da jadawalin maki

Shekaru ke nan ina zama a kwamitoci iri-iri, daga na ƙungiyar unguwa zuwa na zaɓen ɗan kwangila, wani lokaci kuma ɗalibi ne zai kawo mini babin kundinsa in duba. Ko'ina jadawalin ɗaya ne: a jera abubuwan da za a zaɓa a gefe, a jera ma'aunai a sama, kowane ma'auni a ba shi nauyi, a ninka maki da nauyi, a haɗa jimilla, wanda ya fi yawa ya ci. Hanya ce mai kyau, ni ma da ita nake aiki. Abin da ya ishe ni shi ne 'yan kurakuran nan, waɗanda kowane sabon hannu sai ya faɗa cikinsu, sa'an nan ya riƙe takarda yana cewa ai lissafi ne ya yanke hukunci.

Na farko, wanda har yau yake yi mini ciwo, shi ne ɗora sharaɗi a kan sikeli.

Mun taɓa tara kuɗi a unguwa domin sanya wa rijiyar burtsatse famfo mai aiki da sola. Mutum uku suka kawo takardu. Ni na tsara jadawalin da hannuna: farashi 40, ƙwarewa 30, saurin gama aiki 20, samuwar kayan gyara 10. Wanda ya ci ya yi fice a farashi da sauri, a kayan gyara kuwa sifili muka ba shi, domin irin famfon da zai sanya babu mai sayar da kayansa a garin. Duk mun ga sifilin nan da idonmu. Amma maki 10 ne kacal ya rasa, arahar ta cike masa giɓin har da rara. Bai shekara ba na'urar da ke sarrafa wutar famfon ta ƙone. Aka zaga kasuwa ba a samu irinta ba, mai gyaran unguwa ya ce bai taɓa buɗe irin wannan ba, mata da yara suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa na tsawon watanni. Kuɗin mutane ne, har da na zawarawan da suka bayar da abin da ke hannunsu. Tsalle ɗaya muka yi muka faɗa rijiya, muka yi dubu ba mu fita ba.

Laifin ba na lissafin ba ne. Haɗa maki da nauyi hanya ce da ke yarda alheri a wani wuri ya biya bashin sharri a wani wurin, haka aka gina ta. To, akwai abin da ba ya biyuwa. Famfon da ba ya gyaruwa ba famfo ba ne, ko kyauta aka ba ka. Magani mai lasisin bogi ba ya zama nagari don yana da sauƙin kuɗi. Masana a Faransa sun lura da wannan tun shekarun 1960, shi ya sa a cikin hanyoyin tantance zaɓi da ake kira ELECTRE, waɗanda Bernard Roy ya assasa, ake iya sanya iyaka, ta yadda idan zaɓi ya yi muni ƙwarai a ma'auni guda, ba za a ɗora shi a kan ɗan'uwansa ba komai kyansa a sauran. Ni dai ba na zuwa da nisa haka. Tun daga ranar, kafin in ja layin jadawali sai in tambayi kwamiti, ma'auni bayan ma'auni: idan mutum ya ci sifili a nan, za mu iya karɓarsa? Duk inda aka ce a'a, wannan ya fita daga sikeli, ya koma bakin ƙofa. Wanda bai cika shi ba ko maki ba za a ba shi ba.

Na biyu ya fi ɓoyewa, kuma masu ilimi sun fi yin sa: raba nauyi ba tare da an dubi tazarar da ke tsakanin zaɓuɓɓukan ba. Shugaba zai gyara zama ya ce, “Jama'a, mene ne ya fi muhimmanci?” Kowa ya amsa, kuɗi. A ba farashi 50. Haba! Kuɗi nawa? Tambayar da babu wanda yake yi ke nan.

A ce 'yan kwangila uku sun nemi naira miliyan 4.8, da 4.9, da miliyan 5. Garantinsu kuwa, wani wata 6, wani shekara 1, wani shekara 3. Idan ka bi salon da ake ba mafi araha cikakken maki a ba mafi tsada sifili, to bambancin naira dubu 200 ya cinye maki 50 sukutum, alhali bambancin wata 6 da shekara 3 na garanti ka bar shi da maki 10. Idan kuma ka bi ɗaya salon, wato ka raba mafi ƙarancin farashi da farashin kowa ka ninka da 100, irin yadda ake yi a kwangilolin masu ba da shawara na Bankin Duniya, mai miliyan 5 zai sami 96. Maki 4 ya rasa, ka ninka da rabi, ya zama 2. Takardu ɗaya, nauyi ɗaya, amma nan an ci shi tarar 50, can an ci shi 2. Wanda ya zaɓi salon daidaita makin shi ya zaɓi ɗan kwangila, kuma sau da yawa yaron da ke riƙe da kwamfuta ne, bai ma san ya yi ba.

Don Allah ku daina tambayar abin da ya fi muhimmanci a iska. Abin da nake yi shi ne in zana wani zaɓi na ƙage wanda ya kwashi mafi muni a kowane ma'auni: miliyan 5, garanti wata 6, aiki mafi jinkiri. Sai in ce wa kwamiti, an ba ku damar gyara abu guda kaɗai daga mafi muni zuwa mafi kyau, wanne za ku fara gyarawa? A nan ne ake yin tsit. Mutumin da ya rantse kuɗi ne kan gaba sai ka ji ya ce, “Wallahi gara garantin, dubu ɗari biyu ai ba ta kai ba.” Wanda aka fara zaɓa in ba shi 100, sauran a kwatanta su da shi, daga baya a raba kowanne da jimillar. Wasu abokan aikina suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni ba na zama a kwamitin da ba za a yi shi ba.

Akwai masu ninka ɗanyun alƙaluma kai tsaye, naira miliyan 5 sau 0.4 a haɗa da shekara 3 sau 0.3. Mudu da kilo ba sa haɗuwa, a mayar da komai sikeli ɗaya tukuna. Akwai kuma masu mantawa cewa a farashi da nisa da lokaci, ƙarami shi ne nagari, sai jadawali ya saka wa mai tsada.

Ƙidaya abu ɗaya sau biyu ma ya yi yawa. Shekarun aiki, yawan ayyukan da aka kammala, sanuwa a gari: ba cinya ba, ƙafar baya. Tsohon kamfani ya ci sau uku a kan abu ɗaya. A haɗe su wuri guda.

Yanzu ga 'yan makaranta, masu amfani da wata hanyar raba nauyi da ake kira AHP. Thomas Saaty, haifaffen Mosul na Iraƙi wanda ya koyar a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, shi ya tsara ta a shekarun 1970. Ana kwatanta ma'aunai biyu-biyu da lambobi daga 1 zuwa 9, kuma ya sanya gwajin da ke nuna ko amsoshin mutum suna cin karo da juna. Idan ka ce A ta ninka B sau 3, B ta ninka C sau 2, ya kamata A ta kai ninkin C sau 6 ko kusa da haka. Saaty ya ce kada saɓanin ya wuce 0.1. Me ɗalibai suke yi? Su raba takardar tambayoyi, amsa ta fito 0.3, sai su zauna da daddare suna canza lambobi har ta sauko 0.08. Wannan ƙarya ce, ko malami ya gane ko bai gane ba. Lambar nan faɗa maka take yi cewa wanda ka tambaya ya ruɗe, ka koma wurinsa ku sake zama. Kuma yawanci kai ka ruɗa shi: ma'aunai 10 suna buƙatar kwatanci 45, wa zai amsa 45 da hankalinsa a kwance? Ma'aunai 5 kwatanci 10 ne. Ni ba na wuce 7.

Kada kuma ka ƙara zaɓi a tsakiyar aiki ka ɗauka jerin zai tsaya yadda yake. A 1983 Valerie Belton da Tony Gear sun nuna cewa a AHP ƙara kwafin wani zaɓi kawai yana iya juya matsayin waɗanda suke ciki. TOPSIS, wata hanyar tantance zaɓi wadda Hwang da Yoon suka fito da ita a 1981, ita ma tana da wannan lahani, tunda tana auna kowa ne da mafi kyau da mafi muni a cikin waɗanda ke kan tebur. A rufe jerin kafin a fara.

Idan na ɗaya ya sami 78.4 na biyu 77.9, ba a yi nasara ba, kunnen doki aka yi. Makin da aka bayar da ƙiyasin ido bai kai a dogara da ɗigonsa ba. Nakan ɗaga nauyin babban ma'auni da 5, in sauke shi da 5, in duba. Idan na ɗaya ya canza, sai in gaya wa kwamiti cewa jadawali ya kai iyakarsa, su je su ga aikin da mutanen biyu suka yi a baya da idonsu.

Sauran guda kuwa ba kuskure ba ne, rashin amana ne, amma yakan shigo da rigar kuskure: gyara nauyi bayan an ga maki. Wani zai ce, “Ranka ya daɗe, anya ba mu rage wa ƙwarewa daraja ba?” Ka duba da kyau, za ka ga mutuminsa ne ya zo na biyu. Shi ya sa a manyan kwangiloli ake karɓar ambulan biyu, ba a buɗe na kuɗi sai an gama ba da makin ƙwarewa. A ƙaramin kwamitinmu, sharuɗɗa da ma'aunai da nauyi da salon daidaita maki duk a takarda ɗaya nake rubuta su, kowa ya sa hannu, a ba limamin unguwa kwafi ya ajiye, sa'an nan a yage ambulan na farko.