Yadda za ka bi salsalar gidanku tun tsofaffi na raye

Ka fara da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi. Ni wajen gwaggona na je, don a ganina mata sun fi riƙe wa ya haifi wa. Ka kunna rikodin a waya, ka bar ta ta yi ta zuba.

In ta ce "baffanku wane", dakatar da ita cikin ladabi: uwa ɗaya uba ɗaya suke da mahaifinka, 'yan uba ne, ko girmamawa ce kawai? Nan ake yawan ruɗewa. Ka nemi sunan yanka kuma, domin alkunya ta sa an san wasu da laƙabi har suka koma ga Allah.

Ɓangaren uba shafinsa daban, na uwa daban. Iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, sai 16. A hawa na 10 guraben sun kai 1,024. In suna ɗaya ya fito sau biyu kar ka goge, sau da yawa auren zumunci ne.

Shekarar haihuwa kuwa, tambayi abin da ya faru a lokacin. Duk abin da aka faɗa maka, ka rubuta wanda ya faɗa a gefensa.