Kurakuran da aka fi yi wajen auna gamsuwar ma'aikata da hasashen masu barin aiki

Sabon shiga a wannan aiki yakan raba wa ma'aikata takardar tambayoyi, ya zuba amsoshin a manhaja, sannan ya zauna jiran ta faɗa masa waɗanda za su ajiye aiki. Na gaji da ganin ana maimaita kurakurai iri ɗaya, waɗanda ni ma na sha wuyarsu.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne karɓar amsa daga mutanen da ke jin tsoro. A wani kamfani da na yi wa aiki, an ɗaura alawus ɗin manajoji a kan makin sassansu, kuma akwai sashen da ma'aikatansa ba su wuce huɗu ba, don haka manajan yana iya gane amsar kowa. Dukkansu suka zaɓi 5, wato cikakkiyar gamsuwa, a ma'aunin ra'ayi mai matakai biyar da masani Rensis Likert ya fito da shi a 1932, manhajar ta ce sashen lafiya lau yake, kuma kafin shekara ta zagayo ya watse. Ni ne na tsaya gaban shugabanni ina kame-kame. Tun daga lokacin ba na fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum goma ba, ko da yake wasu suna tsayawa a biyar, kuma ba na yarda a haɗa maki da aljihun manaja.

Sai masu alfahari da cewa hasashensu ya yi daidai kashi 90 cikin 100. Haba! Idan mutum 10 cikin 100 ne ke barin aiki a shekara, manhajar da ta ce babu mai tafiya ta samu wannan makin ba tare da ta gano ko mutum ɗaya ba. Abin da nake tambaya shi ne nawa ta gano a cikin waɗanda suka tafi, kuma nawa ta yi wa ƙage.

Kada a koyar da manhaja da bayanan hirar sallama, wato hirar da ake yi da ma'aikaci idan zai bar aiki, domin an same su ne bayan mutum ya riga ya miƙa takardar murabus. Kada kuma a riƙa sauya tambayoyi kowace shekara, kwatanci zai gagara. Tambayoyi sittin sun yi yawa, tunda na kamfanin binciken ra'ayi Gallup 12 ne kacal. Ni ba na raba takarda a makon da aka ƙara albashi ko aka jinkirta shi.