Yadda ake ciyar da yaro mai lalurar shanyewar gaɓoɓi

Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, ko bayan shawara mai tsanani ko sanƙarau, haɗiya kan ba shi wahala. Kada a ciyar da shi a kwance, kada kuma a yi masa ɗura. A zaunar da shi a miƙe, a tokare bayansa da gefensa da matashi, haɓarsa ta ɗan sunkuya. Idan kai ya koma baya, abinci kan bi hanyar iska ya faɗa huhu, daga nan ciwon huhu ke farawa.

Abu mai ruwa-ruwa ya fi sarƙe shi. A dama kunu da kauri har ya riƙa zama a cokali, a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko ɗan mai domin kaɗan ɗin da ya sha ya riƙe shi. Rabin ƙaramin cokali ya isa, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Da ya fara tari ko hawaye, a dakata.

Bayan ya gama, ya zauna minti 30. Idan yana zuwa makaranta, uwa ta je da kanta ta nuna wa malaminsa yadda ake zaunar da shi. Idan sarƙewar ta yawaita, a kai shi asibiti.