Kafin ki tura kuɗin atamfar da kika gani a waya

Shagon ɗinkina yana Mabera, nan cikin Sakkwato. Tun farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuyar gani, mata da yawa da ba su taɓa tura ko sisi ta waya ba suka koyi tiransifa, daga nan kuma kasuwa ta biyo su har ɗaka ta WhatsApp da Instagram da Facebook. Yanzu da wuya rana ta faɗi ba a shigo mini da ƙullin leda naɗe da salatif ba, an rubuta suna da lambar waya a jikinsa da baƙin biro. A kan teburina ake warware shi, a gabana kuma fuskar mai shi take sauyawa. Abin yana ci mini rai, don na san inda kuɗin suka fito. Wata adashi ta ɗauka, wata kuɗin anko ne na ƙawaye goma da suka damƙa mata amana. Shi ya sa nake son in faɗi yadda nake yi idan zan saya wa kaina ko wa masu kawo mini ɗinki. Da mata nake magana, amma mai haɗa lefe ma ya saurara.

Launi ne ya fi jawo rigima. Akwai wata amarya a layinmu da ta zaɓi leshi ruwan goro don ranar kamu, ta nuna mini hoton, har muka tsara ɗinkin da zai hau da shi. Da kaya suka iso daga Kano muka buɗe, sai ga shi ya yi haske, ya fi kusa da ruwan hoda. Ta ɗora wayarta a kan leshin tana duban wannan tana duban wancan, idonta ya ciko da ƙwalla, saura kwana tara biki. Mai kayan ta rantse cewa shi ne na cikin hoton, kuma ina jin gaskiyarta ce. An ɗauki hoton da dare ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, kyamarar waya ta ƙara masa armashi, ita kuma fuskar wayar amarya ta ƙara nata. Kowace waya da yadda take nuna launi.

Don haka hoto shi kaɗai ba ya isata. Ina cewa a fita da kayan waje da rana, a tsaya a inuwa, a ɗauko mini bidiyo ana juya shi. In ce kuma a ɗora wani abu da na san launinsa a kai, farar takarda ko takardar naira ɗari biyar. Idan farar takardar ta fito da ɗan shuɗi ko ɗan rawaya a wayata, na san launin kayan ma ya karkata haka. Wannan bidiyon yana da wani amfanin: yana nuna kayan suna hannunta da gaske. Masu sayarwa da yawa hoton wasu suke ɗorawa, sai kin biya su shiga Kantin Kwari neman mai kama da shi. Dillanci sana'a ce ta halal, amma ta faɗa miki tun farko. Wadda kika nemi kiran bidiyo ta yi ta kawo uzuri kwana biyu, ki haƙura da kayanta.

Sai awo, inda ake cin mutane shiru. Turmin atamfa yadi shida ne, kowa ya sani, amma na sha ɗora tef a kan wanda aka aiko in samu biyar da rabi. A leshi da shadda kuma akwai rikicin yadi da mita. Yadi inci 36 ne, wato santimita 91 da 'yar ɗoriya, mita kuwa santimita 100 cif. Mita biyar ta kusa yadi biyar da rabi. Idan an ce miki "biyar ne", ki tambaya biyar ɗin me. Wannan rabin yadin shi ne ɗankwali, ko hannun babbar riga. Ki tambayi faɗi ma, don wani yadin siriri ne, ba ya yin zane sai an yi masa ƙari. Kuma a rubuce za ki yi tambayar, ta ba ki amsa a rubuce. Maganar da aka yi a kiran waya iska ce ke ɗauke ta.

Takalmi da dogayen riguna da ake ɗinkowa daga Chana suna da tasu matsalar, don lambarsu takan fi tamu ƙanƙanta. Ki bar dogaro da 40 ko 41. Ki taka farar takarda, a zana ƙafarki, a auna daga dunduniya zuwa babban yatsa da santimita, ki tura wannan. Riga kuma ki zo wurin telarki ta auna miki ƙirji da ƙugu da tsawo, ki ajiye a waya. Ba na karɓar ko kwabo a kan wannan, kuma ban san telar da za ta karɓa ba.

Idan kun daidaita, kafin ki danna tura ki dubi sunan da ya fito bayan kin sa lambar asusun. Idan ya saɓa da sunan mai kayan ko na shagonta, ki tsaya ki tambaya. Mai yiwuwa na mijinta ne ko na ƙaninta, amma ki ji daga bakinta. Cinikin farko da baƙuwa ba na wuce turmi ɗaya, sai na ga hannunta. Na fi kuma natsuwa da wadda ta faɗi lambar shagonta da layin da take a kasuwa, don ina da wanda zan roƙa a Kano ya leƙa. Ko hukumar FCCPC da ke karɓar koken masu sayen kaya, sai kina da suna da adireshin wanda kike ƙara kokenki zai yi ƙarfi. Lambar sirrin katinki da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo lokacin biya, babu mai sayar da kaya da ke buƙatarsu. Duk wanda ya kira ya nema, ko ya ce daga banki yake, ki kashe wayar.

Yanzu ga abin da ya fi tayar da hankali: an cire kuɗi a asusunki, ita kuma ta ce ba ta ga alat ba. Ya taɓa faruwa da ni ana saura kwana kaɗan salla, kuɗin shadda na mutum uku. Mai kayan tana ta kira cewa mota za ta tashi, hannuna har rawa yake, na sake turawa. Washegari duka biyun suka shiga. Allah ya sa mai amana ce ta maido, amma na yi kwana huɗu ba ni da kuɗin zare da zif. Tun daga ranar ba na sake turawa, komai matsin da aka yi mini. Ina buɗe rasit ɗin a manhajar banki in ajiye shi. A jikinsa akwai wata doguwar lamba mai alƙaluma 30, ita ce shaidar wannan turawar, da ita bankinki da nata za su bi sawun kuɗin. Ki tura mata rasit ɗin, ki ce ta duba abin da ke cikin asusunta da kanta, don sau da yawa kuɗi sun shiga, saƙon ne ya makara.

Idan a wurin mai POS ne aka cire kuɗi na'ura ta ce bai yi ba, ki karɓi 'yar takardar da ta fito, ki ɗauke ta hoto nan take. Rubutun irin wannan takarda ba ya jure zafi. Ki sa ta a jaka a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura maki 40, bayan 'yan kwanaki ki ciro ki ga ta koɗe ko ta yi baƙi. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya gindaya cewa cinikin POS ko na intanet da ya gaza a warware shi cikin awa 72. Idan kwana uku suka wuce shiru, ki je bankinki da hoton, ki rubuta koke, kar ki fito sai an ba ki lambar koken. Idan mako biyu suka cika ba su yi komai ba, kina da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Mata da yawa suna barin dubu biyar, dubu goma, don kunyar layin banki ko don ba su san suna da wannan haƙƙin ba. Guminki ne, ki bi abinki.

Data ma tana tafiya ba a sani ba, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data a Janairun 2025. Guruf ɗin masu kaya guda ɗaya yakan zubo hoto ɗari kafin azahar. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana hoto da bidiyo sauka da kansu, ki buɗe wanda kike so kawai. *323# yana nuna ragowar data a kowane layi, *305# na dakatar da 'yan tsare-tsaren da ke zaftare kati, saƙonnin talla kuma ki tura STOP zuwa 2442.

Sai isowar kaya. Yawancin abin da muke saya daga Kano a mota yake zuwa, ta Funtuwa da Gusau. Tun kafin biya ku yanke wa zai biya kuɗin mota, don na sha ganin an yi cacar baki a tasha a kan wannan. Ki ce ta turo miki hoton ƙullin bayan an rubuta sunanki, da lambar direba, da lambar motar. Ki ba da lambar waya biyu, ɗaya ta wani layin daban, don direba ba zai yi ta nemanki ba in sabis ya ɗauke. Janbaki da man shafawa da duk abin da ke narkewa, ni ba na yin odarsu a bazara. Wuni guda a but ɗin mota ya ishe su.

Manyan shagunan intanet da ke kawowa har gida kuma suna neman lambar gida da sunan titi, mu kuwa da kwatance muka saba. Wata rana ɗan kawo saƙo ya kira ni:

"Hajiya, ga ni na iso, ina bakin masallaci."

"Wane masallaci, ɗana?"

"Wanga da anka yi ma koren fenti."

A Mabera! Kusan rabin awa yana zagaye cikin rana, ni ina ƙofar shago ina hange, kati yana ƙarewa ta kowane ɓangare. Na tausaya masa ƙwarai, don yana da wasu gidajen da zai je. Yanzu a wurin adireshi ina rubuta abin da ke bakin babban titi wanda ba ya da na biyu, gidan mai ko makaranta mai suna, sannan in ƙara kwana nawa za a yi daga nan. Idan ya kira sai in tura masa lokeshan ta WhatsApp, ko in sa ɗan kabu-kabun da na sani ya tarbo shi. Inda suka nemi lambar gidan waya ina sa 840001, ta Sakkwato. Idan akwai zaɓin biya bayan kaya sun iso, shi nake ɗauka, kuma ina karanta kwana nawa suka bayar na maido kaya tun kafin in saya, don wasu mako guda ne kawai.

Ranar da ƙulli ya shigo hannunki, kar ki yage shi a tsaye. Ki ba wani waya ya ɗauki bidiyo tun ledar tana rufe, a ga sunanki a jiki, a ga an yanke salatif, a ga an warware. Ki shimfiɗa yadin gaba ɗaya, ki ɗaga shi a hasken rana ki duba huji ko inda zane ya goge, musamman wajen ninki, sannan a ɗora tef a gaban kyamara. In akwai matsala, a ranar za ki tura mata, da lafazi mai daɗi, don yawancinsu mata ne irinmu masu neman na kansu, kuma wadda aka nuna wa shaida ba tare da zagi ba takan canza ko ta rage kuɗi. Kar ki wanke, kar ki fesa masa turare, kar ki cire takardar da ke manne a jiki. Ni kuma a shagona, duk yadin da aka ce mini daga intanet yake, sai na auna shi a gaban mai shi kafin in ɗauki almakashi. Idan ya gaza ko launi ya saɓa, ina ninke shi yadda ya zo, in mayar cikin ledarsa, in ɗora a saman kabad har sai sun gama magana da mai kayan.